Haka Ne, Ranka Ya Daɗe

Barista Gudaji bai taɓa zagina ba, shi ya sa ma na fi jin haushinsa. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da dokar tsarin mulki a ƙarƙashinsa, a wata kwalejin koyon aikin shari'a da ke bayan garin Gumel, wadda ba zan faɗi sunanta ba don har yau a can nake cin abinci. Shi ne shugaban sashenmu, shi ya sa hannu aka ɗauke ni aiki, kuma bai taɓa bari na manta ba. In ya gan ni cikin mutane sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Abdulganiyu ai yaronmu ne, ɗan garin Ɗanzomo. Babansa mutumin kirki, duk kaka sai ya kawo wa mahaifina damin gero har gida." In yi murmushin dole.

Bara aka ɗora mini horar da ɗaliban da za su je gasar kotun gwaji a Kano. Kotun gwaji shari'a ce da ba ta faru ba. A ƙirƙiro ƙara a takarda, a raba wa ɗalibai, wasu su tsaya wa mai ƙara, wasu su tsaya wa wanda ake ƙara, alƙalai su zauna a sama suna jifan su da tambayoyi. Babban tarkon shi ne alƙali yakan faɗi maganar da ya san ba daidai ba ce, da gangan, don ya ga ko ɗalibi zai tsaya a kan abin da ya sani. Da Turanci ake yi, amma da Hausa zan ba da labarin, domin abin da ya kayar da mu ba Turanci ba ne.

Ƙarar wannan shekarar a kan wani manomi ce. Wani kwamiti da dokar jiha ta kafa ya zauna ya karɓe gonarsa ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba. Mutum biyu za mu tura. Kujera ɗaya ta Rayhana ce, ɗalibar da ta fi kowa a ajin, wannan babu mai musu. Ta biyun ce ake ja tsakanin Irfan, ɗan ƙanwar Barista, da Kande Ilu, wata yarinya daga Gagarawa Tasha.

Irfan yana da baki, ba zan zalunce shi ba. Ya tashi a gidan da manyan ma'aikata ke cin abinci a falo, saboda haka babu fuskar da ke ba shi tsoro. Karatu ne dai ba ya yi. Kande kuwa ta haddace babin haƙƙin ɗan Adam na kundin tsarin mulki har gefen shafukan ya yi baƙi da dattin hannu. In gardama ta haɗa ta da sa'o'inta a aji, sai na shiga na raba, don ba ta barin mutum sai ya rasa ta cewa. Ita na zaɓa tun ranar farko, kuma ba na ɓoye cewa har da son in ga 'yar manomi ta wuce ɗan gidan Gudaji.

Ana cikin gwaji wata Litinin sai ga Barista ya shigo, wai ya zo ya ga inda aka kwana. Na tashi na ba shi kujerar alƙali. Kande tana tsaye tana kare manomin, magana tana zuba tiryan-tiryan. Da ta ga wanda ya zauna sai muryarta ta ragu, idonta ya koma kan takalminta.

Barista ya ce, "Ai kwamiti ba kotu ba ne, yarinya. Ba dole ba ne ya saurari kowa."

Ta san amsar. Ni na koya mata, ta rubuta ta a jarrabawa, ta faɗe ta a gaban aji ya fi sau goma. Amma sai ta rusuna, ta ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Shi ke nan ta sallama shari'ar gaba ɗaya. Irfan ya tuntsire da dariya. Barista bai yi dariya ba, ya dai miƙe yana gyara hannun babbar rigarsa, ya ce in same shi a ofis.

A ofis ya bar ni a tsaye ya gama duba wayarsa, sannan ya ce, "Ka ga abin da nake gudu ko? Yaran ƙauye akwai ladabi, Allah Ya yi musu albarka, amma ba a kai su Kano."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, amma da za a ba ta lokaci..."

"Irfan za mu tura."

Ƙa'idar kwalejin ita ce ba a tura sunan ɗalibi sai shugaban sashe da mai horarwa sun yarda. In suka saɓa, shugaban kwaleji ne ke raba gardama. Barista ya san da wannan, ni ma na sani, amma babu wanda ya ambata. Roƙonsa na yi, har ya yarda a yi gwajin ƙarshe bayan mako uku, a gaban kowa, shi zai zama alƙali. Ya ce, "Don dai kar a ce na hana 'yar talaka." Na yi godiya na fito ina ƙwafa.

Tun daga ranar na sa Kande a gaba, kuma ban yi mata da sauƙi ba. Na hana ta rusunawa a ƙofar aji. Na hana ta kallon ƙasa. Da na lura cewa ni ba ta jin nauyina sosai, don ba ni da furfura, sai na je bakin ƙofar kwaleji na ɗauko Baba Sajo maigadi, dattijo mai farin gemu har ƙirji. Na ara masa babbar riga, na ɗora kujera a kan dandamali, na zaunar da shi. Bai san komai na doka ba, saboda haka na ce ya riƙa faɗar duk ƙaryar da ta zo bakinsa.

Baba Sajo ya gyara murya ya ce, "Maigatari tana kudu da Gumel."

Yayan Kande direban babbar mota ne, duk Alhamis yana kan hanyar kasuwar Maigatari. Ta san garin yana arewa, a bakin iyaka, kamar yadda ta san sunanta. Amma ta tsaya tana murɗa bakin hijabinta, ta ce, "To, Baba, wataƙila ta wata hanyar..."

Na daki tebur har ƙurar alli ta tashi. Na ce, "Wace hanyar? Mutumin da kike karewa an ƙwace masa gona, 'ya'yansa za su kwana da yunwa, ke kina nan kina jin kunyar gemu! In ba za ki iya ba ki koma gida ki taya su kaɗa riɗi, ki bar wa masu baki wurin."

Ta yi kuka ranar. Ban rarrashe ta ba, kuma a lokacin ina ganin daidai na yi.

Kwana tara muna haka. Baba Sajo ya ce azumi kwana arba'in ne, ya ce raƙumi yana yin ƙwai, ya ce yau Juma'a alhali Talata ce. A rana ta tara ya ce gero a rani ake shuka shi. Kande ta ɗaga kai, ta dubi tsabar idonsa, ta ce, "Ba haka ba ne, Baba."

Na yi tsalle don murna. Baba Sajo kuwa ya tuɓe rigar ya miƙo mini, fuskarsa a murtuke. Ya ce, "Malam, ni dai ka sallame ni. Na san wasa ne, amma wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar nan fa ba ta kai jikata ba."

Da ƙyar na lallashe shi ya dawo. Daga nan na koma faɗa masa maganganun doka a kunne yana maimaitawa, ita kuma tana rushe su ɗaya bayan ɗaya. Na koya mata yadda ake yi: ki fara da girmamawa, ki ce ba haka ba ne, ki kawo sashen, ki tsaya. In ya maimaita, ki maimaita. In ya ɗaga murya, kar ki ɗaga taki, kuma kar ki sauke ido.

Saura mako guda gwajin, ina fitowa daga aji da hantsi, na tarar da wani dattijo siriri a gindin darbejiyar da ke gaban ofishinmu, ɗan acaɓar da ya kawo shi yana jira a gefe. Kande tana tsaye can nesa, kanta a ƙasa. Ko amsa sallamata bai gama yi ba ya ce, "Kai ne malamin da ke koya wa yara yi wa manya musu?"

Malam Ilu ne, mahaifinta. Abin da ya faru shi ne ta je gida hutun ƙarshen mako, ya yi baƙi a zaure, ana hirar gonaki. Ya ce ai in hukuma ta so gonar mutum sai dai ya yi haƙuri, babu mai tambayar ta dalili. Kande ta shigo da kwanon fura, ta ajiye, ta ce, "Ba haka ba ne, Baba." A gaban maza shida, har da limamin unguwa.

Na fara yi masa bayanin tsarin mulki. Ya ɗaga mini hannu.

"Ajiye wannan, Malam. Ni ban ce ƙarya ta yi ba. Na tambaya daga baya, an ce mini haka yake a takarda. Mace ɗaya gare ni bayan maza biyar, kuma ita kaɗai ce ta yi karatu mai nisa. Ba don ba mu da hankali muke ce wa manya haka ne ba. Mun san abin da ke biyo baya ne in ba mu ce ba. Kai kuma ka cire mata wannan, me ka ba ta a madadinsa?"

Na ce, "Na ba ta ilimi, Baba."

Ya yi tsaki. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ranar da ta yi abin da ka koya mata, babba ya fusata ya juyo kanta, kana nan?"

Na bugi ƙirji na ce, "Ina nan, Baba. Ni zan tsaya mata."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa buhun da ake zargin an cika ƙasansa da ƙaiƙayi. Sannan ya ce Allah Ya sa, ya hau babur ya tafi, ko sallama bai yi wa 'yarsa ba.

Da yammacin ranar, bayan mun gama gwaji, Kande tana haɗa takardunta ta ce, "Malam, in yi tambaya?"

Na ce ta yi.

"Kai ka taɓa ce wa Barista ba haka ba ne?"

Raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce mata rashin kunyar da nake koya mata ta kotu ce, ba ta malaminta ba, ta fice ta ba ni wuri. Ta fita. Na zauna ina ta kawo wa kaina dalilai, cewa aikin ofis daban, kotu daban, cewa akwai hikima a bin babba a hankali.

Ranar Laraba aka yi gwajin, ƙarfe goma na safe, a babban ɗakin taro. Babu wuta, fankoki a tsaye, ɗalibai sun cika har tagogi suna fifita da littattafai. Shugaban kwaleji ya zo ya zauna a layin gaba, ni ina gefensa. Barista Gudaji ya hau dandamali cikin baƙar rigar lauyoyi, ya ɗora tabarau a karan hanci.

Irfan ya fara, yana kare kwamitin. Ya yi Turanci mai daɗi, ya ambaci sashen da babu ruwansa da maganar, kawunsa ya gyaɗa kai ya wuce. Tambaya biyu ya yi masa, dukansu masu taushi.

Kande ta tashi. Ba ta rusuna ba. Ta gabatar da kanta, ta shiga bayani, ba ta yi minti biyu ba Barista ya katse ta.

"Kwamiti ba kotu ba ne. Ba dole ba ne ya saurari kowa."

Na ga hannunta ya kama bakin tebur.

"Tare da girmamawa, ya Mai Shari'a, ba haka ba ne. Sashe na talatin da shida bai tsaya a kan kotu kaɗai ba. Ya haɗa da duk wani zauren da doka ta kafa don yanke hukunci a kan haƙƙin mutum. Wannan kwamitin doka ce ta kafa shi, kuma haƙƙin mutum ya yanke."

Na ji shugaban kwaleji ya ce "Madalla" a hankali.

Barista ya sake faɗar maganarsa da ƙarfi. Ta sake ba shi amsa, murya ɗaya, ba ta ɗaga ba, ba ta rage ba. Ya zagayo ta wata hanya, ta tare shi. Ya ce gaggawa ce ta sa kwamitin bai kira manomin ba, ta ce takardar ƙarar ta nuna wata huɗu kwamitin ya yi yana zama, kuma gonar ba gudu za ta yi ba. Ɗalibai suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Wannan dariyar ce ta ɓata komai. Na ga jijiyar wuyan Barista ta tashi. Ya cire tabarau, ya ajiye Turanci gefe, ya koma Hausa.

"Ke! Ni kike faɗa wa doka? Kin san shekarar da na fara tsayawa a gaban alƙali? Na girmi ubanki!"

Wannan ba ya cikin abin da muka gwada da Baba Sajo. Na ga idonta ya ciko, na ga gwiwarta ta fara lanƙwasawa, na ce a raina shi ke nan. Sai ta miƙe sosai, ta dube shi, ta amsa da Hausar ita ma.

"Ka girme shi, ranka ya daɗe. Amma sashen bai ce abin da ka ce ba."

Ɗakin ya ɓarke da tafi. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Shekara goma sha ɗaya na gorin damin gero da dafa kafaɗa, yau 'yar Gagarawa Tasha ta rama mini a gaban kowa.

Barista ya jira tafin ya lafa. Ya mayar da tabaransa, ya yi murmushi, ya yi magana a natse, irin muryar da yake yi mini a ofis. Ya ce yarinyar tana da ƙoƙari, babu mai musun wannan. Amma aikin lauya tarbiyya ce kafin ilimi. Wadda za ta tsaya ta yi wa sa'an ubanta tsaurin ido a gaban jama'a, in aka kai ta Kano sunan kwaleji za ta zubar, a ce haka muke tarbiyyar yara a Gumel. Saboda haka Irfan ne zai bi Rayhana.

Sannan ya juyo gare ni, ya ce, "Ko ba haka ba, Malam Abdulganiyu?"

Shugaban kwaleji ya waigo yana dubana, biro a hannunsa. Kalma ɗaya yake jira, in ce ban yarda ba, maganar ta dawo hannunsa, kuma na ji abin da ya ce ɗazu. Kande ma ta juyo. Ba roƙo a fuskarta, ba tsoro, kallon wadda ta san an riga an yi mata alkawari ne.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a ɗan duƙe, hannuna na dama a kan ƙirji, yadda babana ke yi a ƙofar gidan su Gudaji in ya sauke dami.

"Haka ne, ranka ya daɗe."

Bakina ne ya riga ni, haka nake faɗa wa kaina har yau. Shugaban kwaleji ya ɗan tsaya, ya ga ba ni da ƙari, ya rufe bironsa ya sa a aljihu. Barista ya ce a yi addu'a a tashi.

Na sami Kande a bakin ƙofar kwaleji tana jiran motar Gagarawa, jakarta a kafaɗa. Baba Sajo yana zaune a kan bencinsa, da ya gan ni ya kau da kai. Na tsaya kusa da ita, na rasa ta inda zan fara, sai na fara ta inda ya fi sauƙi.

Na ce, "Kande, kin yi ƙoƙari, kowa ya gani. Akwai gasar baɗi, in sha Allahu. Ke yarinya ce, ba ki san yadda aikin nan yake ba. Ina da iyali, mutumin nan shi ya ɗauke ni aiki. A wurin nan babu yadda zan yi."

Ta bar ni na gama, yadda na koya mata kar ta katse alƙali. Ba ta rusuna ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tsabar idona.

"Ba haka ba ne, Malam."

Ni ne na sunkuyar da kai. Har motar ta tsaya, ta shiga, suka tashi, ina kallon takalmina.